Lacca: Yadda jikin kifi ke yaƙi da bakteriya

Assalamu alaikum jama'a, a ɗan matso gaba don na baya su ji. Toh, kifi dai a cikin ruwa yake kwana yake tashi, kuma ruwan nan cike yake da bakteriya, irin su Aeromonas da Streptococcus, kullum suna gogar jikinsa suna bi ta wurin numfashinsa. Amma yawanci lafiyarsa lau. Me ya sa?

Ku fara da yauƙin nan da ke sa kifi ya suɓuce a hannu. Wallahi ina jin takaici in na ga ana kama kifi mai rai da busasshen hannu ana goge masa shi, don a cikin yauƙin akwai sinadarin laisozayim mai fasa bangon bakteriya, akwai kuma wata garkuwa da ake kira IgT wadda sai a 2005 aka gano ta a jikin kifin tirawut. In yauƙin ya tafi, ƙofa ta buɗe kenan.

Yanzu a ce bakteriya ta samu shiga ta wani rauni. Mu mutane a ɓargo ake ƙera ƙwayoyin jininmu, shi kifi ba haka ba, aikin nan gaban ƙodarsa ne ke yi, can kusa da kai, sai saifa ta taimaka. Daga nan sojojin ke fitowa, wato fararen ƙwayoyin jini. Niyutirofil su ke fara isa wurin, da gudu, su haɗiye bakteriya su watsa mata guba, da yawansu a nan suke mutuwa. Sai makurofej su biyo baya, manya ne su, suna cinye ƙwayar cutar da gawarwakin 'yan'uwansu, kuma suna sakin sinadaran da ke kiran ƙarin dakaru, shi ne kumburi da jan da kuke gani a gefen gyambon.

Kuma fa wannan ana ganinsa ido da ido. Jaririn kifin zebra jikinsa garau yake kamar gilashi, sai masana su sa wa fararen ƙwayoyin jininsa launi mai ƙyalli su saka shi ƙarƙashin maikuroskof, kana kallo ƙwaya ɗaya za ta bar jijiya ta rarrafa ta nufi raunin. A haka aka yi nazarin Mycobacterium marinum, 'yar'uwar ƙwayar tarin fuka, aka ga abin mamaki: makurofej ya haɗiye ta amma ba ta mutu ba, tana hayayyafa a cikinsa, wasu makurofej ɗin su taru su kewaye shi su ma su ɗauka su kai gaba. Kun ga kifi ya koya mana wani abu game da tarin fukan ɗan Adam.

Akwai kuma ƙwayoyin B, su ma fararen ƙwayoyin jini ne, masu haɗa garkuwa da tuna cuta, su ne dalilin da rigakafi ke aiki a kifi, kamar yadda masu kiwon salmon a Norway suka yi har suka rage amfani da antibayotik sosai. A 2006 ma an nuna cewa ƙwayoyin B na kifi har haɗiye bakteriya suke yi da kansu.

Wani ya tambaya ko kifi na zazzaɓi. Galibi jikinsa ba ya iya ɗaga zafi da kansa, sanyin ruwa shi ne sanyinsa, in ruwa ya yi sanyi da yawa haɗa garkuwar sai ya yi ta jan ƙafa. Shi ya sa kifi mara lafiya ke neman ɓangaren ruwa mai ɗumi ya tsaya. Cunkoso da ƙarancin iska a ruwa kuma suna ɗaga sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa in ya takura, shi kuma ya danne sojojin nan duka, bakteriyar da jiya ba ta iya komai yau ta kwantar da rabin tafkin.