Shekara 50 da sufana a hannu, yau aka karrama dattijon wajen aikinmu

Assalamu alaikum jama'a, mutanen Gombe ina gaisuwa, na Jekadafari da Bolari da Pantami, da 'yan unguwarmu Tudun Wada, kowa da kowa. Ku yi haƙuri da yadda kuka ganni, cikin mota nake a fakin, yanzu na tashi daga aikin dare, bakwai saura na safe nan Ohayo, ku kuma can sha biyu ta kusa. Ko gida ban je ba, ga hannuna ma kun gani duk baƙin mai, amma na ce in na je na kwanta abin nan zai huce a raina, gara in faɗa muku shi da zafinsa.

Waɗanda suka daɗe da ni sun san aikina, bakaniken jirgin sama ne ni. Kun ga ƙaton ginin can bayana, shi ne hanga, wato rumfar da ake shigar da jirgi a duba shi. Ba a yarda a ɗauki bidiyo a ciki ba shi ya sa ba zan nuna muku ba. Toh yau da asuba muna shirin miƙa aiki ga 'yan safe sai aka ce kowa ya ajiye abin da yake yi ya zo. Muka taru a gindin fiffiken wani jirgi, an jera kujeru kaɗan, ga kek ga kofi. Ashe wani dattijo da muke aiki tare ne za a karrama, ya cika shekara 50 yana gyaran jirgi. Shekara hamsin fa jama'a. Ya fara tun yana yaro a soja, ko iyayena ba su yi aure ba lokacin.

Lambar da aka ba shi ta hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ce, FAA, kuma ba a ba wa mutum sai ya yi shekara 50 a harkar gyaran jirgi. Takarda ce da ɗan fil na maƙalawa a riga, sannan a sa sunanka cikin jerin waɗanda suka samu. Abin da ya taɓa ni shi ne har matarsa sai da aka ba ta nata fil ɗin. Tsohuwa ta taso a hankali aka maƙala mata, ta sunkuyar da kai. Na ce wallahi waɗannan sun san abin da suke yi, don matar mai aikin dare ita ma aikin dare take yi, ita ce da yara, ita ce da jiran ƙarar buɗe ƙofa.

Sunan lambar kuma Charles Taylor, bari in ba ku labarinsa don mu a wajen aiki kamar kakanmu ne. Kowa ya ji labarin 'yan uwan nan biyu Wright da suka fara tashi da jirgi mai inji ranar 17 ga Disamba 1903 a Kitty Hawk. Amma wa ya ƙera injin? Wannan bawan Allah ne, mai gyaran keke a shagonsu da ke Dayton, nan jihar da nake. Sun nemi kamfanonin mota su yi musu inji mara nauyi ba su samu ba, shi ya zauna da 'yan kayan aikin shago cikin sati shida ya haɗa inji mai silinda huɗu, ƙarfin doki 12. Ranar da aka tashi ɗin ma ba ya wurin, an bar shi a gida yana tsaron shago. Tashin farko sakan 12 ne kacal, duniya ta ɗauka, sunan masu jirgi ya shiga littafi, shi kuwa mai inji aka manta da shi har ya tsufa cikin talauci a Kalifoniya, sai da labarinsa ya fito sannan masu kamfanonin jirage suka tara masa kuɗi, ya rasu a 1956. Yanzu ranar haihuwarsa, 24 ga Mayu, ita ce ranar kanikawan jirgi a ƙasar nan. Mai gyaran keke fa, irin na bakin kasuwarmu.

Kuma kar ku ce 50 ce ƙarshe, an yi wani a Niyok, Al Blackman, ya fara aiki a 1942 yana ɗan shekara 16, a 2017 kamfaninsa American Airlines ya yi bikin cikarsa shekara 75 a bakin aiki, aka rubuta sunansa a jikin jirgi Boeing 777, ya shiga kundin Guinness.

Toh mu dawo kan namu dattijon. Mutum ne mara yawan magana, kunnensa ɗaya ya yi nauyi saboda ƙarar inji, yatsunsa sun kakkarkace, gwiwa kuma sai a hankali don shekara da shekaru yana durƙuso a kan siminti, lokacin sanyi ƙarfe na kama fatar hannu. Da na zo sabo, na ci jarrabawar lasisi duka uku, ta rubutu da ta baki da ta aiki da hannu, ina ganin na iya. Wani dare mun gama aiki a kan inji mun rufe murfi, saura sa hannu, na zo lissafin kayan aikina sai na ga ƙaramin soket ɗaya, wato kan sufana na kwance noti, babu. Nan kowane ƙarfe da gurbinsa a akwati, in guda ya ɓata jirgi ba ya motsi sai an gan shi. Gabana ya faɗi, ga lokaci na tafiya, jirgin na da fasinjan safe. Na je na faɗa masa murya na rawa. Bai yi min tsawa ba, ya ɗauki tocilansa ya ce mu je. Muka sake buɗe duk abin da muka rufe, awa biyu da wani abu, muka same shi ya maƙale a wani lungu a cikin murfin injin. Da muka gama ya dafa kafaɗata ya ce abin da ya fi masa daɗi a daren nan shi ne na zo na faɗa. Ya ce a sama babu gefen titi da za a faka.

Mutane ba su san nauyin sa hannun nan ba. Matuƙi ana ganinsa da hula da galan a kafaɗa, Allah ya saka masa shi ma, amma kafin ya zauna a kujerarsa akwai wanda ya rubuta sunansa da lambar lasisinsa a littafin jirgi cewa na duba, lafiya lau, a ɗauki mutane. Noti ɗaya akwai adadin ƙarfin da littafi ya ce a ɗaure shi, da sufana mai awo, ba wai ka ja har sai ka ji ya yi ba, wasu kuma sai an bi su da siririyar waya an murɗe don kar jijjiga ta kwance su. Duk alhajin da ya tashi daga filin jirginmu na Lawanti zuwa Saudiyya ya sauka lafiya, akwai wani da bai yi barci ba a daren, kuma alhaji ba zai taɓa sanin sunansa ba. Amana ce zalla.

Ana ta tafi ana ɗaukar hoto, ni kuwa hankalina ya tafi gida, wajen ogana. Mutumin da babana ya kama hannuna ya kai ni garejinsa ina ɗan firamare, can wajen Tashar Dukku, ƙarƙashin bishiyar maina. Shi ya koya min riƙe sufana, shi ya koya min jin ciwon inji da kunne tun kafin a buɗe bonet. Da yamma sai ya shimfiɗa buhu a jera kayan aiki a ƙirga, in lamba goma ta ɓata ba mai tafiya gida. Ina ganin takura ce lokacin, ashe darasin da zan zo in tarar a ƙasar Turawa ne an rubuta shi a littafi. Mutumin nan ya haura shekara 40 a ƙarƙashin mota, ya yaye yara ban san iyaka ba, wasu na da garejinsu a Bauchi da Yola, wasu na Abuja. Ba wanda ya taɓa tara mutane ya ce a tafa masa. Kuma a harkar jirgin ma muna da irinsu, makarantar jiragen sama ta Zariya tun 1964 take, tsofaffin injiniyoyin da suka fito daga can da yawa suna raye a unguwanninmu, ana wucewa ana gaishe su a ƙofar masallaci ba a san me hannunsu ya riƙe ba.

Ni ma da laifina, na fi wata takwas ban kira shi ba, kullum aiki aiki. Ina fitowa ɗazu kafin in kunna kyamara na kira. Ya daɗe bai ɗauka ba, da ya ɗauka ina jin ƙarar guduma a bayansa. Na ce Oga barka da rana, ya ce wa ke nan, na faɗi sunana, ya ce a'a ɗana kai ne, ya mutanen Amurka. Na ba shi labarin duk abin da na gani, na ce Oga da ana ba da irin wannan a gida da kai ne na farko, duk abin da nake ci a nan daga hannunka ya fito. Ya yi shiru har na ɗauka layi ya yanke. Sai ya ce Allah ya yi maka albarka, ya maimaita sau uku, muryarsa ta canza. Sannan ya tambaye ni wai jirgin ma fulogi gare shi? Na ce ƙananan masu farfela suna da shi Oga, har bibbiyu a kowace silinda, don in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe. Ya ce ka ga masu hankali.

Na riga na yi magana da biyu daga cikin waɗanda muka yi gareji tare, in Allah ya kai mu babbar sallah ina gida, za mu nemo duk wanda ya yaye, a kafa rumfa a nan garejin, a yi masa babbar riga, matarsa Inna ma a yi mata turmin atamfa. Wanda ya san ya ci tuwon gidan nan ya neme ni. Bari in tayar da mota, idona ya fara rufewa, sai mun haɗu.