Tsibirin da Ba Shi da Shago Ko Ɗaya, Amma Ya Cika Kanta da Littattafai

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, haka take a wannan gefen tekun Atlantika. Inda nake tsaye sunansa Blasket Babba, tsibiri ne a can ƙarshen yammacin ƙasar Ailan, a yankin Kerry. Tun da safe, da na shiga gidan tarihinsu da ke tsallake a ƙauyen Dún Chaoin, kuɗin shiga Yuro biyar kacal, na ga kantar littattafan da mutanen tsibirin nan suka rubuta, wallahi har yanzu mamaki bai sake ni ba. Lokacin da suka fi yawa, wajen 1916, ba su kai mutum 200 ba. Babu lantarki, babu likita, babu shago, ko itacen da za ka zauna a inuwarsa babu. Amma littattafan da suka fito daga nan gommai ne, kuma da harshensu na gado, wato Irish, ba da Turanci ba. A gida wata unguwa guda ta ninka su sau ɗari. Abin ya faranta mini rai, ya kuma ɗan cije ni.

Bari in juya kyamara ku ga gidan can na dutse mai baƙin rufi. Gidan Tomás Ó Criomhthain ke nan. Kada rubutun sunan ya firgita ku, Tomas O Krohan ake faɗa. Masunci ne, manomi, kuma magini, da hannunsa ya ɗora duwatsun nan. Ƙofar gajera ce, tagar ƙarama, murhu yana jikin bango, kuma a gefen wannan murhun, da fitilar mai, aka rubuta littafin da ake kira An tOileánach, wato Mutumin Tsibiri, wanda ya fito a 1929, marubucin yana da shekara saba'in da 'yan kai.

Yadda aka yi aikin shi ne abin da nake so ku riƙe, musamman masu turo mini saƙo cewa suna son rubuta tarihin mahaifinsu ko na garinsu amma ba su san ta inda za su kama ba.

Makarantar da Tomás ya ɗan taɓa yana yaro da Turanci ake koyarwa, ita ma a buɗe yau a rufe gobe. Rubutu da harshen uwarsa sai da ya kusa shekara arba'in ya koya wa kansa. Daga nan baƙi suka fara zuwa. A 1907 wani masanin harsuna ɗan ƙasar Nowe, Carl Marstrander, ya zo ya yi watanni, Tomás yana dawowa daga kamun kifi ya zauna ya koyar da shi harshen. A 1910 Robin Flower ya zo daga gidan adana kayan tarihi na Landan. Waɗannan su suka sa mutanen tsibirin suka gane cewa maganar da suke yi a bakin murhu dukiya ce da ake tsallake teku a zo nema. Amma wanda ya ɗora shi a kan rubutu sosai wani saurayi ne daga garin Killarney da ke nan Kerry, Brian Ó Ceallaigh, wanda ya zo a 1917.

Brian bai ce masa ya rubuta littafi ba. Da ya faɗa masa haka da maganar ta mutu a wurin, domin a ganin Tomás babu abin faɗa a rayuwar mai kamun kifi. Sai ya riƙa karanta masa rubutun Maxim Gorky na Rasha da Pierre Loti na Faransa, inda talakawa da masunta su ne taurarin labarin. Sannan ya bar masa tarin dogayen takardu da alƙalami mai shan tawada, suka yi yarjejeniya mai sauƙi: duk abin da ya gani ko ya ji a ranar ya rubuta, in takardun sun ɗan taru ya sa a ambulan ya aika masa. Mai kai wasiƙun kuwa shi ne wanda suke kira Sarkin tsibirin, domin shi ne ɗan aiken gidan waya, yana tsallakawa a kwalekwale in teku ta yarda. Daga 1918 zuwa 1923 haka aka yi ta yi, shafi bayan shafi. Wannan tarin shi ya zama littafinsa na farko a 1928. Hannu ya riga ya faɗa, sai ya shiga tarihin rayuwarsa ta wannan hanyar, ya kammala a 1926.

Kun ga kayan aikin? Takarda, alƙalami, mutum ɗaya da ke jiran saƙo a ɗaya gefen, da shekara takwas. Wannan mai jiran shi ne ginshiƙin. Ni dai ina gargaɗinku, kada ku sayi kwamfuta ku ce sai kun samu hutu za ku fara. Ku nemi wanda zai tambaye ku duk Juma'a, ina shafin wannan makon?

To ga inda aka samu matsala. Brian ya bar ƙasar, ya miƙa takardun ga wani malami marubuci da ake yi wa laƙabi da An Seabhac, wato Shaho. Shi ya tsara su aka buga, kuma ba don shi ba ƙila da sun ɓace. Sai dai ya sa almakashi. Wuraren da Tomás ya yi maganar samartaka, da 'yan mata, da faɗace-faɗacen maƙwabta yadda suke, an rage su, domin ana son littafin ya shiga makarantu, ana kuma son a nuna mutumin ƙauye tsarkakakke. Sai a 2002 wani masani, Seán Ó Coileáin, ya fitar da cikakken rubutun yadda mai shi ya bar shi, shekara 65 bayan rasuwarsa a 1937. Abin da ya sa hakan ta yiwu ɗaya ne: asalin rubutun hannun bai salwanta ba. Saboda haka duk wanda zai ba edita ko maɗaba'a aikinsa, ya riƙe asalin a akwatinsa, ya ɗauki hoton kowane shafi, ya ba da kwafi. Kuma a rubuta a takarda cewa ba a cire layi ko ɗaya sai da saninsa.

Ku dubi ƙasa can, inda ruwa ke dukan dutse. Nan ce tasharsu, wata 'yar kwana ce kawai a jikin dutse. Kwalekwalensu ana kiransa naomhóg: ƙwarangwal na siraran katako, a lulluɓe da tamfol, a shafe da kwalta mai zafi. Filafilinsu siriri ne kamar sanda, ba shi da faɗin baki, don kada iska da raƙuman ruwa su kama shi. In sun dawo ba a barinsa a ruwa, mutum uku ne ke shiga ƙarƙashinsa su ɗauke shi a kife a kafaɗa, ƙafafunsu kaɗai ake gani, kamar buzuzu na tafiya, su ɗaure shi a kan turaku. Da wannan suke kai gawa tsallake, da shi suke ɗauko amarya, da shi suke tsallakar da saniya an ɗaure mata ƙafafu. Kifin da suka fi kamawa kuwa kun san shi sarai, shi ne wanda muke kira titus, wanda ake kawo mana a daskare a kwali. Su yanka shi, su zuba gishiri, su jera a ganga. Shi da dankalin Turawa ne cimarsu, sai zomo da tsuntsayen teku. Yau da na ga ana gasa shi a garin Dingle da ke tsallake sai da na tuna miyar titus da ake yi mana da attaruhu da albasa mai yawa, nasu ba yaji ko kaɗan, lemon tsami kawai. Makamashi kuma baƙar ƙasar fadama ce da suke yankawa kamar tubali a kan tudu, su shanya, jakuna su sauko da ita.

Marubuci na biyu, Muiris Ó Súilleabháin, labarinsa ya fi taɓa ni. Saurayi ne lokacin da wani ɗalibi Bature daga Ingila, George Thomson, ya zo a 1923 suka ƙulla abota. Thomson ya hana shi bin sahun masu tafiya Amurka, sai Muiris ya shiga aikin ɗan sanda a 1927. Yana bakin aiki ya rubuta labarin shekarunsa ashirin na farko, aka buga a 1933, fassarar Turancin ta fito a shekarar, shahararren marubucin Ingila E. M. Forster ya rubuta mata gabatarwa, duniya ta ɗauka. Sai ya ajiye kaki a 1934 don ya rayu da alƙalami. Littafi na biyu ya rubuta shi, ba a buga ba. Ya koma aikin ɗan sanda a 1950, a shekarar kuma ruwa ya ci shi yana wanka a gaɓar Galway. Don Allah, 'yan uwa masu rubutu, in littafin farko ya karɓu kada ku saki albashi. Labarin ƙuruciya sau ɗaya ake da shi, kuma masu karatu ba su yi alkawarin dawowa ba.

Sai Peig Sayers. Gidanta yana cikin waɗancan farare masu bene da hukuma ta gina a sama da ƙauyen. Ba haifaffiyar tsibirin ba ce, aure ya kawo ta a 1892 daga Dún Chaoin. Ba ta iya rubuta harshenta ba, amma bakinta rumbu ne. Ita tana faɗa, ɗanta Micheál yana rubutawa, wata malama daga Dublin, Máire Ní Chinnéide, ta gyara, littafin ya fito a 1936. Bayan haka ma'aikacin hukumar tattara tatsuniyoyi ta ƙasar ya zauna da ita ya kwashi labarai ɗaruruwa. Nan take na tuna da Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga da Turanci a 1954. Ku lura da bambancin: na Peig da harshenta ya fara fitowa, jikokinta suka karanta shi da muryarta. Kuma shekarun da littattafan tsibirin nan ke fita su ne shekarun da Rupert East ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar a Zariya. Ba su riga mu farawa da wani nisa ba. Mu ma muna da abin alfahari, masu karatunmu sun ninka nasu ba adadi. Inda suka fi mu shi ne tarihin talaka da bakinsa: mai su, mai noma, uwar 'ya'ya.

Ita ma Peig an yi mata illa, ta wata hanyar. An sa littafinta dole a jarrabawar gama sakandare shekaru da yawa, yara suka haddace shi da ƙyar, har ya zama in ka ambaci sunanta ga ɗan Ailan mai shekara hamsin sai ya yamutsa fuska. Matar da aka san ta da barkwanci da iya zance, aka bar mutane da hoton tsohuwa mai kuka. In za ku naɗi muryar kakarku, ku bar dariyarta da habaicinta a ciki. Ku ajiye muryar kanta a wuri biyu, kada ku goge don kun riga kun rubuta. Zama ɗaya kada ya wuce awa guda, tsoho yana gajiya, kuma a farkon kowane naɗi ku faɗi rana da wuri da sunan mai magana.

Yau mutanen ƙauyen nan duk sun tashi. Me ya tashe su? Matasa sun yi ta tafiya Springfield a jihar Massachusetts ta Amurka, wanda ya je ya aiko wa ƙaninsa kuɗin jirgi. Makaranta ta rufe a 1941. Hannayen da za su ɗauki kwalekwale suka ƙare. A farkon 1947 sanƙarau ya kama wani saurayi, teku ta haukace, ba a iya kawo likita ba, ya rasu, gawarsa ta yi kwanaki ba a iya tsallakar da ita ba. A shekarar suka buga wa shugaban gwamnati Éamon de Valera wayar tangarahu cewa guguwa ta tsare su, babu abinci. Ya zo da kansa ya gani. A Nuwamban 1953 aka kwashe mutum 22 da suka rage. Tomás bai ga wannan ranar ba, amma a ƙarshen littafinsa ya riga ya faɗa cewa ya rubuta ne don a tuna da su, domin ba za a sake yin irinsu ba.

Mai son zuwa, daga Dublin jirgin ƙasa zai hau a tashar Heuston zuwa Tralee, wajen awa huɗu, sannan bas zuwa Dingle, daga nan mota zuwa Dún Chaoin. Jirgin ruwan ya ci mini wajen Yuro arba'in zuwa da dawowa, tafiyar kamar minti ashirin ce, kuma daga bazara zuwa farkon kaka kawai yake aiki. Kada ku kama ɗaki na kwana ɗaya tak, ku ware kwana biyu ko uku, domin rana na iya fitowa tas amma mai jirgi ya ce ruwa ya kumbura ba za a sauka ba, kuma maganarsa ita ce ƙarshe. Ku kira shi da sassafe kafin ku baro Dingle. Babban jirgin ba ya kaiwa bakin dutse, a tsakiyar ruwa ake sauya ku zuwa ƙaramin kwalekwalen roba, saboda haka jaka ta baya, hannu biyu a sake, waya a cikin leda. Takalmi mai kama ƙasa, ba silifa ba, hawan daga tasha yana da santsi. Mai jiri ya sha maganinsa tun kafin a shiga. Ku taho da ruwa da guzurinku da rigar ruwan sama ko da gari ya yi haske. Farin yashin can da ke ƙasa da ƙauyen, waɗancan baƙaƙen abubuwan da ke kwance a kai ba duwatsu ba ne, dabbobin teku ne masu kama da ayu, ku tsaya nesa, suna cizo. In lokacin azahar ya same ku, alƙibla tana gabas, a ɗan karkata kudu, ku sa dutse a kusurwoyin darduma huɗu in ba haka ba iska za ta kai ta teku.

Ga mai jirgin can yana ɗaga hannu, iska ta juya, ya ce ƙarfe uku za mu tashi maimakon huɗu. Bari in sauka tun kafin dutsen ya jiƙe.