Fodkas: Littafin da aka tarar a cikin kwalla

Malam: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau mu uku ne, Hajiya ta dawo daga tafiya, ga Auta can yana fama da wayoyi. Hajiya, sannu da hanya.

Hajiya: Yawwa Malam, mun same ku lafiya? Minna na je gaisuwar rasuwa, kuma abin da na gani a can ne ya sa na ce mu ajiye maganar da muka shirya, mu yi wannan.

Auta: Allah ya jiƙan musulmi. 'Yar'uwa ce, Hajiya?

Hajiya: Ƙawar mahaifiyata ce, ba zan kama suna ba saboda iyalinta. Ta fi shekara talatin tana riƙe da kuɗin ƙungiyar matan unguwarsu, ɗaya daga cikin ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin FOMWAN. Ranar uku gidan ya cika maƙil. Wannan ta ce ita ta biya mata kuɗin awon ciki, waccan ta ce ita ta raka ta kotu da mijinta ya kore ta. Wata kuma ba ta iya cewa komai ba sai kuka. Can sai jikarta, wadda ke jami'a, ta tambaya ko ƙungiya na da wani abu a rubuce game da kakarta. Aka yi tsit. Ko hoto ɗaya na taro babu.

Malam: Ikon Allah. Shekara talatin.

Hajiya: Sai da aka zo gyaran ɗakinta aka tarar da littattafan rubutu irin na 'yan firamare a cikin wata tsohuwar kwalla. Kowane wata, wance ta ba da kaza, an kashe kaza a kan abu kaza. Tarihinta ke nan gaba ɗaya.

Auta: Ku gafarce ni, ni fa FOMWAN ɗin ma sunanta kawai nake ji, sai kuma in ga mata da anko a wajen taro. Me ce ce ainihinta?

Malam: Ka ga 'yan zamani! Tarayya ce ta ƙungiyoyin mata Musulmi na Najeriya, an kafa ta a Minna a 1985. Ka lura da kalmar tarayya. Ƙungiyoyin suna nan tun da, na Islamiyya, na taimakon marayu, na matan kasuwa, kowacce tana harkarta. Aka tattara su a ƙarƙashin inuwa ɗaya, daga Legas har Maiduguri. Yau suna da makarantu da asibitoci da gidajen marayu, kuma matan Ghana ma sun kafa irin tasu. Amira ta farko ita ce Hajiya Aisha Lemu.

Hajiya: Allah ya jiƙanta. Auta, ka san Baturiya ce?

Auta: Haba Hajiya!

Hajiya: Wallahi. A Ingila aka haife ta a 1940, ta musulunta tana ɗalibar jami'a a Landan. A 1966 ta zo Kano koyarwa a makarantar koyon Larabci, daga baya ta auri Sheikh Ahmed Lemu. Ta shugabanci kwalejin 'yan mata ta gwamnati a Sakkwato, ta shugabanci kwalejin horon malamai mata a Minna. Duk wanda ya yi darasin addinin Musulunci a ƙaramar sakandare a shekarun 1990, da wuya bai riƙe littafinta ba. Ta rasu a Janairun 2019, maigidanta ya bi ta a Disambar 2020.

Malam: Ni wadda ba na mantawa da ita Hajiya Bilkisu Yusuf ce. Mu da muka taso muna karanta jarida a Kano mun san ta tun tana editar Sunday Triumph, kafin ta koma New Nigerian a Kaduna, sannan mujallar Citizen. A lokacin, mace a kujerar edita a Arewa abin a tsaya a kalla ne. Ita ma ta riƙe FOMWAN, kuma rubutunta sau da yawa yana komawa kan abu biyu, karatun 'ya mace da mutuwar mata wajen haihuwa. Ta rasu a turmutsutsun Mina, ranar 24 ga Satumbar 2015.

Hajiya: Ranar Babbar Sallah. Muna cikin aikin nama labari ya fara shigowa.

Auta: To ai kun ga waɗannan an san su. In na buga sunansu a intanet yanzu zan samu.

Hajiya: Shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Su an rubuta, kuma sun cancanta. Amma Amira ba ta kai ƙosai asibiti da kanta a kowane ƙauye ba. Akwai matan da suka bi gida gida lokacin da mutane suka ƙi allurar shan inna a 2003, ana rufe musu ƙofa, ana kiran su 'yan kwangilar Turawa. Da aka ce Afirka ta rabu da cutar a Agustan 2020, wa ya karanto sunayensu?

Malam: A nan zan ɗan ja da ke, Hajiya. Su waɗannan bayin Allah ba don a ambace su suka yi ba. Tsohuwar da kika je gaisuwarta, da tana son suna ai da ba a kwalla za ta ɓoye littafin ba. Kada mu mayar da aikin lada ya zama irin na yanzu, a ba maraya buhun shinkafa ɗaya, mutum goma su tsaya ɗaukar hoto.

Hajiya: Malam, kai ne malami, amma riya ai mai rai ake ji wa tsoronta. Wadda ke kwance a kabari wace riya za ta yi? Kuma ba kai ka taɓa karanta mana hadisin gawar da aka wuce da ita sahabbai suka yaba, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ta wajaba, wato Aljanna, ba?

Malam: Haka ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Kin kama ni. Amma shaidar baki ce wannan, a wajen jana'iza.

Hajiya: To ga ta rubutu. Nana Asma'u.

Auta: 'Yar Shehu?

Hajiya: Ita fa. Ai ƙungiyar mata ba a 1985 ta fara ba a ƙasar nan. Asma'u tana da 'Yan Taru. Takan naɗa mace ta zama jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani, ita kuma jajin ta riƙa jagorantar tsofaffin mata da 'yan mata daga ƙauyuka zuwa wajenta ɗaukar karatu. Su koma su koyar da waɗanda aure ya tsare a gida. Kuma ba karatu kaɗai ba, har jinyar marasa lafiya da wankan gawa da sasanta rigima. Abin da suka kawo mata na kyauta, hatsi ko zuma ko man shanu, sai ta raba wa mabukata.

Malam: Ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon tsarin.

Hajiya: To abin da nake so ka duba, cikin marsiyyoyin da ta yi ba na ɗan'uwanta Bello da mijinta Giɗaɗo kaɗai ba ne. Ta yi wa wata jajinta marsiyya, ta yi wa maƙwabciyarta. Mata ne da ba su da sarauta, ba su jagoranci yaƙi ba. Abin da ta yaba musu da shi, haƙuri da zumunci da hidimar mutane. Yau shekara fiye da 160, muna iya sanin cewa sun rayu saboda wata ta zauna ta rubuta. Ko za ka ce Asma'u ba ta san ikhlasi ba?

Malam: A'uzu billahi, ni wa? Na janye. Sai dai ina nan a kan bakata game da masu hoto da buhun shinkafa.

Hajiya: Wannan kam tare muke.

Auta: Ni abin da ya faɗo mini, ba mata kaɗai ba ne. 'Yan agaji fa? Mutumin da ke tsayawa a rana ranar Idi yana gyara sahu, ko ya kwana a sansanin alhazai yana ɗaukar wa tsofaffi jaka. A unguwarmu akwai wani dattijo, duk kabarin da aka haƙa a maƙabartarmu cikin shekara ashirin da hannunsa a ciki, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Da ya rasu, sanarwar da aka tura a WhatsApp layi biyu ce, har sunan mahaifinsa aka yi kuskure.

Malam: Allah sarki. Ƙungiyoyinmu suna da sakatare, amma aikinsa rubuta wanda ya zo taro da wanda bai biya kuɗin wata ba.

Auta: Hajiya, su littattafan nan yanzu suna ina?

Hajiya: Jikar ta tafi da su makaranta, ta ce za ta kwafe su a kwamfuta. Amma na buɗe na ƙarshen kafin ta ɗauka. Rubutun ya fara karkacewa, ka san ido ya yi rauni. Layin ƙarshe, wata guda kafin ta kwanta ciwo, ta rubuta cewa an ba wata mata dubu biyu ta kai yaronta asibiti, saura a asusu ɗari uku da hamsin. Da aka ɗaga littattafan, sai ga ɗari uku da hamsin ɗin a ƙasan kwallar, an ɗaure su da kyauro.

Malam: Allah ya kai haske kabarinta.

Auta: Amin. Mu tsaya a nan, Malam, an fara kiran la'asar.