Sharhi: Ku ɗebi jinin, amma ku dawo da labari

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka.

Da zarar farar mota ta tsaya a ƙofar gidan mai unguwa a Gangare ko Unguwar Rogo a Jos, matasa masu binciken lafiya suka sauko da takardu da akwatin ƙanƙara, sai ka ji wata dattijuwa daga zaure tana cewa, "Yau kuma jinin wa za a ɗiba?"

Kada mai bincike ya ɗauki wannan a matsayin jahilci. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, gwajin da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a faɗa musu gwaji ake yi ba. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wannan tabo na cikin abin da mutane ke nunawa.

Amma a nan Filato mun ga yadda akan yi abin ya yiwu. A yaƙi da tundurmi, wato ciwon kumburin ƙafa, da Cibiyar Carter ta Amurka ta tallafa wa, ƙauye ne ke zaɓen mai rabon magani daga cikinsa. Ɗan gari ne, an san gidansu, an san uwarsa. Yana yawo da sanda mai alamomi, ya auna tsayinka, ya ƙirga maka ƙwaya. In jikinka ya yi ƙaiƙayi, ka san ƙofar da za ka buga. A 2017 aka sanar da cewa Filato da Nasarawa sun yi ban kwana da cutar.

To, malamanmu na jami'a, takardar amincewa mai shafi huɗu da Turanci, a dangwala yatsa a ƙasa, wannan ba amincewa ba ce. A karanta wa mutum da harshensa, a gaya masa yana da ikon cewa a'a, kuma ƙin yarda ba zai hana shi ganin likita ba.

Abin da ya fi ci wa jama'a tuwo a ƙwarya shi ne shirun da ke biyo baya. Sakamako ya fito a mujallar Ingila, malam ya samu ƙarin girma, dattijuwar nan kuwa har yau ba ta san abin da aka gani a jinin jikanta ba. Kuɗin motar komawa unguwa a yi bayani bayan sallar La'asar, a sa shi cikin kasafin binciken tun ranar farko.