Gansakuka a kwalba, yuro 42!

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci, yanzun nan na fito daga wani kantin magani a birnin Liyon, kuma wallahi ba zan iya haƙuri sai na kai gida ba.

Sanyin Faransa ya sa fuskata ta yi furu-furu, hunturun Argungu wasan yara ne. Na ce wa matar kantin ta ba ni mai mai kyau. Ta miƙo mini wannan 'yar kwalbar, ku gan ta, ba ta kai ɗan yatsana ba, wai yuro 42. Na ce me aka zuba a ciki, zinariya? Ta ce spirulina. Ta juyo mini da hoton jikin kwalin, sai ga wani ruwa kore shar.

Jama'a, gansakuka! Abin da Inna ke zane mu a kansa in mun dawo daga kududdufin bayan gida da shi a ƙafa. Abin da ke sa santsi a bakin rijiya. Na yi ta dariya har matar ta tsargu.

To amma na saya, kar ku tambaye ni dalili.

Maigidana ne ya yi mini bayani a waya, shi da ke karatun kimiyya. Ya ce spirulina ba ma tsiro ba ce, dangin bakteriya ce mai rayuwa da hasken rana, kuma ruwan kanwa take so. A jikinta ake tatso wani shuɗin launi da ake sa wa a man shafawa da alawa. Akwai wata gansakukar kuma da ke rikiɗa ta yi ja in ta sha wuya, da ita ake haɗa man da suke cewa yana rage tamoji. Tafkin nan na Senegal mai ruwan hoda ma aikin wata irinsu ce.

Abin da ya tsaya mini a rai, ashe matan Kanembu na Chadi sun daɗe suna kwasar spirulina a tafkunan kanwa, su shanya a kan rairayi, su kai kasuwa. Dihe suke ce masa, miya ake yi da shi a ci da tuwo. A 1964 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam ya gan shi a kasuwa. Maƙwabtanmu na ci, su kuma nan suna ɗiga wa a fuska da ɗan tsinke.

Yanzu ku matso ku ga bayan kwalin. A Turai, abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Ruwa ne na farko. Spirulinar da aka cika ni da labarinta tana can ƙasa, kusa da turare. Na uku kuwa? Butyrospermum parkii. Man kaɗanya ke nan! Wanda Yaya ke saye a kasuwar Zuru, cike da roba. Parkii ɗin ma sunan Mungo Park ne, Baturen da ya wuce ta Yawuri ya halaka a Busa a 1806. Namu ne, suka raɗa masa suna, suka sayar mini.

Ƙannena mata, don Allah kar wata ta ga bidiyon nan ta ruga fadama ta kwaso gansakuka ta laɓta wa fuska. Wasu nau'o'inta dafi gare su, suna taɓa hanta, suna sa ƙaiƙayi, kuma ido ba ya bambance su. Ta nan a tankuna masu tsabta ake nomanta. Kuma duk wanda ya ce miki tana sa fari, kuɗinki yake so.

Yaya, in kina kallo, a sa mini man kaɗanya roba biyu a kayan da za a kawo, da daddawa. Motata ta zo, sai na shafa na kwana bakwai ku ga fuskar.