Me ya sa muke ƙaryata idonmu idan jama'a sun yi yawa?

Assalamu alaikum jama'a, masu kallonmu daga Garwa, Marwa, Kusiri har Njamena. Ku dubi allon nan. Ga layi ɗaya a hagu, ga uku a dama. Wanne ne tsawonsa ya yi daidai da na hagun? Ko yaron firamare zai faɗa.

Wannan tambayar ce Solomon Asch, masanin halayyar ɗan Adam, ya yi wa ɗalibai a Amurka a 1951. Sai dai ya yi musu dabara. Duk waɗanda ke zaune a ɗakin mutanensa ne, in ban da mutum ɗaya, kuma an zaunar da shi kusa da ƙarshe don ya ji amsar kowa kafin tasa. An yi zagaye 18. A 12 daga ciki, mutanen Asch suka haɗa baki suka zaɓi layin da kowa ke gani ba shi ba ne. Kusan kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka gwada sun bi ƙaryar aƙalla sau ɗaya. Waɗanda aka tambaya ba tare da wannan matsi ba kuwa, kuskurensu bai kai kashi 1 ba. Ido lafiya lau, kunyar saɓa wa taro ce kawai. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Amma ga inda ni na fi so a tsaya. Da Asch ya sa mutum ɗaya tak cikin mutanensa ya faɗi gaskiya, sai bin ƙaryar ya ragu ƙwarai. Yawan taron na nan, haɗin bakin ne ya karye.

A 1961 Stanley Milgram, wanda ya yi aiki ƙarƙashin Asch, ya kai abin inda ya fi muni a jami'ar Yale. Ana ce wa mutum ya danna maɓallin lantarki duk sanda "ɗalibi" a wani ɗaki ya yi kuskure, don wutar ta ja ɗalibin, ana ƙara ƙarfinta da bolt 15 kowane lokaci har 450. Babu wutar gaske, ihun ma na shiri ne, amma mai dannawa bai sani ba. Cikin mutum 40, 26 sun kai maɓallin ƙarshe, don wani mai rigar ɗakin bincike yana ce musu su ci gaba. Da yawansu suna gumi, suna rawar jiki, suna dannawa. An soki gwajin sosai saboda tashin hankalin da ya jefa mutane, kuma yau ba za a yarda a yi shi haka ba. Duk da haka, da aka sa abokan aiki biyu suka ƙi ci gaba a gaban mai dannawa, 4 kacal cikin 40 suka kai ƙarshe.

To, mu dawo gida. Wa bai taɓa jin labarin satar mazakuta ba? Wani ya gaisa da baƙo a kasuwa ko a tasha, ya ji jikinsa ya yi wani iri, ya ƙwalla ihu. Kafin ka ce kwabo an kewaye baƙon da sanduna, kuma a cikin masu dukan ba wanda ya ga komai. Kowa ya ga fuskar na kusa da shi ne ya gaskata.

Kada ku ce mai ihun maƙaryaci ne. Sau da yawa tsoron nasa na gaske ne. Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiran irin wannan firgici koro: mutum ya haƙiƙance gabansa yana shigewa ko ya ɓace, zuciya na bugawa, gumi na karyowa. Tsananin tsoro da sanyi kan sa wurin ya ɗan tsuke, shi kuma da ya riga ya ji jita-jita sai ya ɗauka ta tabbata. Idan aka duba a asibiti, sai a tarar komai na nan.

Kuma abin bai tsaya a ƙasashenmu ba. A 1967 ya ɓarke a Singafo, bayan an yaɗa cewa naman aladun da aka yi wa rigakafi ne ke jawo shi. Ɗaruruwan maza suka cika asibitoci, wasu sun riƙe gabansu da hannu ko sun ɗaure da zare don kada ya shige. Babu maganin da aka raba wa gari. Ƙungiyar likitoci da ma'aikatar lafiya ne suka fito a jaridu da talabijin suka bayyana cewa tsoro ne, ba wanda zai rasa komai, kuma cikin 'yan kwanaki masu zuwa asibitin suka ragu.