Yadda za ku riƙe ɗanyen fure ya kai ranar biki bai yi yaushi ba

Furen da aka yanko ƙishirwa ce take fara kashe shi, ko da kuwa yana tsaye cikin bokiti cike da ruwa. A cikin karansa akwai 'yan siraran hanyoyi da ruwa ke bi ya kai sama. Da zarar an yanke shi, iska takan shiga ta bakin yankan, ƙwayoyin cuta na ruwa su taru su toshe sauran. Shi ya sa za ku ga ros ya sunkuyar da kai tun bai gama buɗewa ba.

Ku fara da lissafin rana. Ros, ko na Jos ne ko wanda aka yi oda daga Kenya, ku karɓe shi saura kwana 2 ko 3 biki, domin yana zuwa a tsuke, yana bukatar lokaci ya buɗe. Lili kuwa yakan ɗauki kwana 4 zuwa 5. Lokacin bazara ku rage kwana ɗaya, zafi yana gaggauta buɗewa.

Kafin ku kwance ɗaurin, ku wanke bokitin roba da sabulu da ɗan Hypo, ku ɗauraye. Ku zuba ruwa kamar tsawon tafin hannu. A kowace lita ɗaya ku sa cokalin shayi 1 na sukari, 2 na ruwan lemon tsami, da rabin cokalin shayi na Hypo. Sukari abinci ne, lemon tsami yana sa ruwan ya fi saurin hawa kara, Hypo kuma yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Kowanne ku zuba shi daban cikin ruwan ku motsa. Kada ku haɗa Hypo da lemon tsami zallarsu a kofi, suna fitar da iska mai cutar da ƙirji. Sukari kaɗai ba Hypo kuwa ya fi ruwan banza illa, ƙwayoyin cutar kuka ciyar.

Sai yanka. Ku cire duk ganyen da zai nutse a ruwa, don ruɓewa zai yi. Da wuƙa mai kaifi ku yanke santimita 2 zuwa 3 daga ƙasan karan, a karkace, ku tsoma nan take. Dakusasshen almakashi matse karan yake yi, ya rufe hanyar ruwan. Ku bar su su sha aƙalla awa 4 kafin a fara jera su. Kwana guda ya fi.

Wurin ajiya shi ne inda aka fi yin asara. Ɗaki mai sanyi, ba rana, kuma ba a saitin fanka ko bakin na'urar sanyaya ɗaki ba, domin iska mai kaɗawa tana busar da su kamar hunturu. Ros yana son sanyin digiri 2 zuwa 5. Amma furannin ƙasashe masu zafi, irin su okid da anturiyam, suna baƙi idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 10, don haka ba a sa su a firji. Firjin gida ma da matsalarsa: ayaba, mangwaro, tuffa da tumatir suna fitar da wata iska da ake kira etilin idan suna nuna, ita kuma tsofar da fure take yi, furen da ake kira kaneshan ma ya rufe ido gaba ɗaya. Wannan iskar tana cikin hayaƙi. Saboda haka ɗakin da ake turaren wuta, ko tagar da ke kusa da janareto, ba wurin ajiye fure ba ne, ko da ɗakin amarya ne.

Kullum ku sauya ruwa, ku ƙara yanke ɗan ƙasan karan. Kada ku fesa wa kan ros ruwa yana cikin leda, danshin yana kawo tabo mai ruwan ƙasa. In wani ya sunkuya, ku sake yanke shi, ku naɗe kansa a miƙe da takardar jarida, ku tsoma a ruwa mai ɗumi kamar na wankan jariri na awa 2. Yawanci yakan miƙe.

Soson nan kore da masu ado ke soka fure a ciki, ku ɗora shi kan ruwa ya nutse da kansa. In kuka danna shi, tsakiyarsa a bushe za ta zauna.

Ranar biki ku cire 'yan ganyen waje biyu ko uku na ros da suka ƙuje. Ku tsinke kawunan garin nan mai ruwan lemo da ke tsakiyar lili tun yana buɗewa, domin in ya taɓa farin leshi da wuya ya fita. In ya zuba, a ɗauke shi da salatif, kada a goga da ruwa. Wajen kai su zauren biki, a cikin mota za su zauna, ba a but ba. Na hannun amarya ya zauna cikin ruwa har lokacin fita, sannan a goge karan da tawul kafin a miƙa mata.